Wanke Ta Tas

Shekara talatin da ɗaya Baba Tafireta ya yi a ƙofar kotu yana buga wa mutane takardun ƙorafi, har sunansa na yanka ya ɓace. Da zamani ya kori keken rubutu bai yi zuciya ba. Yana da shekara sittin ya sayi tsohuwar kwamfutar tebur, ya koye ta da yatsu biyu, ya raɗa wa kayanta sunaye. Akwatin ya ce tukunya, linzamin ya ce ɓera, mai juyin nan na ciki kuma fanka, a nan kaɗai bakinsa ya zo ɗaya da na masana.

A cikin tukunyar nan muryar matarsa take. Kafin ta rasu takan turo masa saƙon murya, yawanci faɗa: ya manta maganinsa, ya bar buta a bakin ƙofa. 'Yarsu ta kwashe guda goma sha huɗu daga wayarsa ta zuba a kwamfutar, wayar kuwa daga baya aka zare ta a motar haya. Kullum da safe sai ya kunna ɗaya, a yi masa faɗa, ya ce "to, na ji," sannan ya karya kumallo.

Sai fankar ta fara kuka kamar injin niƙa, tukunyar ta riƙa zafi tana mutuwa da kanta. Ya leƙa ramukan baya ya ga ƙura ta toshe su. Ya naɗe ta a zanin gado ya kai wa ɗan ƙanensa, Injiniya, mai shago a layin masu gyara. Magidanci ne da gemunsa, wanda ba ya amsa tambaya sai ya fara nuna wa mai ita jahilcinsa.

"Ta yi datti, ɗana. Ka wanke min ita."

"Wankewa, Baba? Gaba ɗaya?"

"Tas."

A wannan layin, wanke na'ura shi ne a share duk abin da ke cikin rumbun ajiyarta, ta koma kamar ranar da aka ƙera ta. Injiniya ya san haka, ya kuma san tsohon bai sani ba. Amma kwance sukurori da busa ƙura aiki ne, danna maɓalli kuwa ba ya sa gumi.

Washegari Baba ya dawo, aka kunna masa. Allo fes. Ya ja ɓera sama, ya ja ƙasa.

"Ina innarka?"

Da Injiniya ya gane abin da ake nema, dariya ya yi har da riƙe ciki. Ya leƙa waje ya kira maƙwabta.

"Ku zo ku ji! Wai da ruwa da sabulu yake nufi! Baba, ba ka da bakof?"

"Wane ne shi?"

Layin ya kwashe da dariya gaba ɗaya. Wani mai gyara ya tausaya, ya ce bakof kwafi ne da ake ajiyewa a wani wuri, kuma wani lokaci akan ceto abin da aka share idan ba a zuba sabo a kansa ba.

"Ai na cika masa rumbun da finafinai," in ji Injiniya. "Kyauta ma. Ba a san alheri ba."

Baba bai zage shi ba, kuma wannan ya fi komai ban haushi. Ya naɗe kayansa ya tafi, ana binsa da "Baba Wanke Tas".

A gida ya jona ta. Fankar ta ɗauki kukanta yadda ta saba, minti goma tukunyar ta mutu, don ko sukuru ɗaya ba a kwance ba. Ya zauna a bakin gado yana neman muryar a cikin kansa. Kalmomin suna nan, amma da tasa muryar suke fitowa. Tsoro ya kama shi, ya kira 'yarsa.

"Saƙonnin nan na mahaifiyarki, kina da su?"

"A'a Baba, ai a wurinka kaɗai suke. Yauwa, tunda ka tuna min, ka sa Injiniya ya turo min ko ɗaya ne. Kwana biyun nan kewarta ta dame ni."