Tarihin Kalilu Mai Rumbuna da Tukunyar Azurfarsa

An haifi Malam Kalilu a Bugaje cikin shekarar 1901, a daren da aka ji wani rugugi daga arewa kamar ana mirgina turame a sararin sama, alhali babu hadari. Mahaifinsa Rabe manomi ne, sunan mahaifiyarsa Barira.

Ƙuruciya da karatu

Ya yi karatun allo har izu ashirin, sannan yunwar 1914 ta watsa makarantar. A shekarar nan ƙannensa biyu suka rasu, ga buhunan wuri, kuɗin wancan zamani, jibge a ɗakin mahaifinsa amma babu mai karɓarsu a kasuwa. Tun daga ranar ya ɗauki alkawari cewa ba zai taɓa ajiye dukiyar da ba a ci ko ba a narkawa ba, domin kada iyalinsa su sake ganin irin wannan musiba.

Aure da sana'a

A 1926 ya auri Salmatu, ya koma Jibiya yana fataucin hatsi da jakuna tsakaninta da Maraɗi. A wajen Zaki, wani Bamaguje na Riko, ya koyi yadda ake jera damman gero a rumbu, a barbaɗa toka, a liƙe baki da laka, hatsi ya shekara uku ƙwaro bai taɓa shi ba.

Zamanin gyaɗa

Daga 1950 gyaɗa ta yi daraja, jama'a suka cika gonakinsu da ita suna karɓar kuɗin takarda. Shi kuwa Kalilu gero yake saye yana ginin rumbuna, har suka kai tara. Maƙwabcinsa Ɗantala, wanda ya sayi keke da kuɗin gyaɗa, yakan tsaya ya ce, “Malam, mi ɓeraye suka yi maka da kake gina masu unguwa?” Kalilu yakan amsa, “Ran da ka ji yunwa, ka dafa keken.”

A 1953 damina ta yi gardama. Cikin bazarar 1954 ya fasa rumbunan ɗaya bayan ɗaya, ya ciyar da gidansa da maƙwabta, har da Ɗantala, babu wanda ya kwana da yunwa. Baƙi masu saye kuwa, daga Buzaye har fataken Maraɗi, bai karɓi komai a hannunsu ba sai azurfa: mundaye, zobba da tsofaffin sulalla. An ce da harshe yake gane ta gaske.

Ƙarshen rayuwa

Azurfar nan ya zuba a tukunya, ya binne a gonarsa ta bakin iyaka don tanadin wata yunwar, bai shaida wa kowa wurin ko ranar ba, har Salmatu. A 1956 ya faɗo daga kan rumbu ya karye a cinya, ya koma tafiya da sanda yana jan ƙafa, amma bai fasa zuwa gonar shi kaɗai ba.

Rasuwa

Ciwon ajali ya kama shi cikin Sha'aban na 1959. Da ya ga alama, ya kira babban ɗansa Ummaru ya ce masa, “Daga gindin tsamiya, taku arba'in, ka fuskanci gabas.” Ya rasu ranar Laraba da hantsi, aka yi masa sutura a maƙabartar Jibiya bayan azahar. Ya bar matarsa da 'ya'ya huɗu: Ummaru, Hassana, Ma'u da Ya'u. Allah Ya jiƙansa da rahama.

Bayan sadakar bakwai Ummaru da Ya'u suka auna taku arba'in, suka haƙa har ƙugu, babu komai. Kwana goma sha ɗaya suna haƙa, ga shuka ta matso. Ɗantala, wanda ya zo taya su, ya jingina da ƙotar fartanya ya dubi ramukan.

“Ummaru, takun nan arba'in,” in ji shi, “na Kalilu mai ƙafa biyu ne, ko na Kalilu mai sanda?”