Jarkar Ruwan Malam Iro

Yau shekara bakwai ke nan da rasuwar Malam Iro mai gyaran rediyo, abokina kuma tsohon maƙwabcina a Anguwan Rukuba, nan Jos. Bakwai fa! Ni kuwa har gobe in Asabar ta zagayo sai in ji kamar akwai aikin da na bari ban yi ba. Yawancin masu karanta wannan shafi ba su san shi ba, don shi ba attajiri ba ne, ba kuma ɗan siyasa ba. Amma duk wanda ya taɓa kai rediyo shagonsa zai tuna manyan kwalaben da ke jere a kan kanta, kowace da kifi guda a ciki, ja ko shuɗi, yana jan jela kamar gefen gyale.

Kifin beta ake ce masa, wasu su ce kifin faɗa, don maza biyu ba sa zama a ruwa ɗaya. Wani direba mai zuwa Legas ne ya fara kawo masa su a leda. Tun ranar na ce, “Malam, kifin da ba ya shiga miya, mene ne amfaninsa?” Ya dube ni ta saman gilashi ya ce, “Bulus, kai komai sai ya bi ta maƙogwaro kake sanin darajarsa.” Haka muke da shi kullum, ni Kirista shi Musulmi, ba wanda yake raga wa wani.

Gidan da muke haya tare rijiya ɗaya gare shi, kuma ruwanta ba shi da kirki ko kaɗan. Nauyi ne da shi. Sabulu ba ya kumfa, butar shayi ta yi farin ɓawo a ciki, in ka kurɓa sai ka ji ɗanɗanon kanwa a harshe. Wasu sun ce simintin da aka zagaye rijiyar da shi ne, wasu sun ce ƙasar wurin ce. Shi kuwa wannan kifi, a can inda ya fito, ruwa marar nauyi ya sani, irin na fadamar shinkafa. Na farkon sun sha wuya, jela ta nannaɗe, launi ya dushe, ƙwai ya ƙi ƙyanƙyashewa.

A nan na ga halin mutumin. Bai yi faɗa da rijiyar ba. An ba shi shawara ya riƙa ɗiga lemun tsami ya karya kanwar, ya ce a'a. Cewa yake ba nauyin ruwa ne ke kashe su ba, canji ne: yau ka ba su wannan, gobe wancan. Sai ya riƙa tarar ruwan sama da damina, ya surka da na rijiya, kullum gwargwado guda. Ya tsinto busasshen ganyen almon, itacen nan da yara ke fasa ƙwallonsa su ci, ya jefa a kwalba har ruwan ya koma launin shayi marar madara. In sanyin Jos ya yi tsanani ya lulluɓe kwalaben da tsohon bargo. A hankali 'ya'yan da aka ƙyanƙyashe a nan suka saba, jikoki suka fi su. Ran da wani namiji ya fara tara kumfa a saman ruwa, inda yake ajiye ƙwai, Malam Iro ya buga mini ƙofa sai ka ce haihuwa aka yi masa.

Daga nan gari ya rikice. Ba zan tsaya a kan wannan ba, duk ɗan Jos ya sani, kowa da tabonsa. Malam Iro ya kwashe iyalinsa da kwalabensa ya koma cikin gari wajen danginsa, ni na zauna. Na san kuma yadda irin wannan ke ƙarewa, don na gani a kan mutanen da suka fi mu shaƙuwa: gaisuwa a waya ran Sallah da ran Kirsimeti, daga baya shiru. Gaskiya na ji tsoro. Ban so in rasa mutumin nan yana raye ba.

Ba a daɗe ba sai ga wayarsa. “Bulus, kifaye na mutuwa. Ruwan gidan nan ya yi musu kyau da yawa.” Na fashe da dariya, amma da gaske yake. Sun saba da mugun ruwanmu, sauyin farat ɗaya yana kayar da su. Ya ce, “Taimake ni da jarka guda daga rijiyarmu.” Rijiyarmu ya ce, kun ji, bai ce rijiyarku ba.

Lokacin shi ba ya iya shigowa unguwarmu, ni ma ba na shiga tasu. Sai muka tsayar da unguwar Gada Biyu ta zama mahaɗarmu. Duk Asabar in ɗora jarka a keke, mu haɗu a bakin titi, in ba shi cikakkiya ya ba ni wadda babu komai, mu zauna a bencin wata mai gasa masara mu yi ta musu a kan ƙwallo da tsadar kaya. Shirinsa shi ne ya riƙa rage ruwanmu kaɗan-kaɗan har su saba da na can. Na daɗe ina zaune da shi, na san wannan aikin wata ɗaya ne ko biyu. Shekara ta zagayo, na ce, “Malam, har yanzu ba su saba ba?” Ya ce, “Ina! Taurin kai ne da su, irin na mai kawo ruwan.” Na gane, shi ma ya san na gane. Ba wanda ya ƙara tayar da maganar, muka ci gaba da musayar jarka har ciwo ya kwantar da shi.

Yanzu kiwon kifin ado ya zama yayi a garin nan. Samari suna da takardar gwajin ruwa mai canza launi, da kwalaben magani na rage wannan da ƙara wancan, da bidiyo a waya ba iyaka. Nakan ce a raina, da Malam yana nan, me zai ce? Ina jin takardar gwajin za ta burge shi, don mutum ne mai son na'ura. Maganin kuwa zai girgiza kai ya ce, ku bar ruwan nan ya huta mana. Abin da zai dame shi ba kifi ba ne. Yaran da aka haifa bayan rikici ne, waɗanda suka girma ba su taɓa taka unguwar juna ba, suna jin sunanta kamar wata ƙasa.

Me ya bari? Shagon ya zama wurin cajin waya. Rediyoyin da ya gyara an daɗe da jefar da su. Kifayen dai suna nan wajen 'yarsa Rabi, wadda aka fitar daga gidanmu tana 'yar firamare, yanzu ma'aikaciyar jinya ce. Bayan rasuwarsa na ci gaba da aika mata jarka ta hannun mai keke, har gwiwa da baya suka hana ni jan guga. Sai muka koma gaisuwar waya, ran Sallah da ran Kirsimeti. Abin da na guda tun farko shi ne ya same ni, kuma ya yi mini ciwo ƙwarai. Na ce shi ke nan, zumuncin ya bi mai shi. Allah ya jiƙan Malam Iro, ya sa ya huta.

Watan jiya ina zaune a tsakar gida aka yi sallama. Mace ce da hijabi, riƙe da jarka, ita kaɗai. Tun da suka tashi ba wani nasu da ya sake taka gidan nan. Ta durƙusa ta ce, “Baba, ina wuni? Rabi ce.” Sai da na share ido kafin in amsa.

Na ce, “Ke Rabi, da kanki? Ai kifayen nan sun saba da ruwanku tun mahaifinki na da rai.”

Ta ce, “Na sani, Baba. Ina gugan yake?”