Shayi Biyu a Nuzla

A wurin gashin Saleh da ke unguwar Nuzla, har yau ana tuna ranar da wani dattijo ya doke hannun wani baƙo saboda kofin shayin da ba mai shi. Kullum bayan la'asar dattijon yakan zo da jallabiyarsa mai tabon yaji, ya sa a kawo tsire tsinke biyu, shayi biyu. Nasa yake ci, ɗayan kuwa ya huce yana kallo. An ce na ƙaninsa ne, wanda aka kama ba iƙama, wato takardar izinin zama a ƙasar, a bakin titin nan, shekara tara ba labari.

Saleh kan tsokane shi: "Baba, halas, ya isa haka mana, ƙudaje sun gode."

Sai dattijon ya gyara wa kofin zama. "Cewa ya yi in riƙe masa, yana zuwa."