Ampilin Kassimu

A unguwar Bani Malik ta Jidda, in rediyonka ya ƙi magana, wurin Nomau za a tura ka. Mutumin Damagaram ne, ya shigo Jidda a 1977, kafilinsa, wato ɗan ƙasar da ya tsaya masa, ya ba shi wani ɗan shago da bai fi shimfiɗar tabarma biyu ba. Ya iya aiki, sai dai hannunsa ƙaiƙayi gare shi. Ko baƙunci ya je ya ji fanka tana gurnani, kafin a kawo shayi ya kwance ta.

Abin da ba kowa ya sani ba, a ƙuryar shagon akwai jita. Wansa Kassimu, wanda ya riƙe shi tun rasuwar mahaifinsu, makaɗin jita ne a Damagaram. Akwai wani tsohon faifan sol na baƙaƙen Amurka da jitar ciki ke kuka da dusasshiyar murya, kamar mai mura yana kiran wani daga nesa. Duk garin Kassimu kaɗai ke iya fitar da wannan amo. Nomau ya taho da kaset ɗin waƙar, ya shekara goma sha biyu yana farautar amon. Duk Juma'a bayan la'asar sai ya sakaya ƙofa, ya rage ƙara saboda maƙwabta, ya canja tsirkiya, ya canja wayoyi, a banza. Ya tambayi wan nasa a wasiƙa, amsar ɗaya ce kullum: "Ka zo gida in nuna maka." Bai je ba. Yau matsalar iƙama, takardar izinin zama, gobe kafili ya riƙe fasfo.

A 1989 Kassimu ya rasu. Matarsa Aissa ta ba wani maniyyaci mai suna Muntaka ampilin marigayin, wato akwatin da ake jona jita don ƙara amo, ya kawo wa Nomau. Muntaka ya sauke kayan nauyi a shago, ya wuce Makka a gaggauce.

Nomau ya rungume akwatin ya yi kuka mai isarsa. Sannan ya ce ba zai kunna kayan Yaya da ƙura ba. Ya buɗe bayansa, sai ga takardar lasifikar a tsage wuri biyu.

"Wayyo Yaya," ya ce, "da wannan kake fama, ni ina nan ina gyara na mutane?"

Ya sa sabuwa fil, ya jefa tsohuwar a shara, yana ganin ya yi wa mamaci hidima. Da ya jona jitarsa ya kaɗa, amo ya fito garau, tas, irin na kowa.

Bayan sati uku Muntaka ya dawo daga aikin Hajji yana ba da haƙuri: akwai saƙon kaset da ya manta a jakarsa. Muryar Aissa ce. Ta yi gaisuwa mai tsawo, sannan ta ce, "Nomau, Yayanka ya ce a faɗa maka, kada ka taɓa tsagar nan. Shi ya yi ta da reza, sai da ya ɓata lasifika huɗu kafin ya dace. Ya ce in ka kunna za ka ji shi."

Motar shara ta daɗe da wucewa. Nomau ya kwana biyu bai iya cin abinci ba, don baƙin cikin nan ya fi na ranar da aka aiko masa da rasuwar.

Daga nan mai gyara ya koma mai ɓarna. Yana sayo tsoffin lasifikoki a ɗakunan ajiya na unguwar Khumra, yana tsaga su da reza, nan tsaye, can a karkace. Shekara ashirin yana wannan, har gashinsa ya yi fari.

Wata Juma'a a 2009, matarsa Rabi'atu, haifaffiyar Jidda, ta kawo masa abinci yana cikin kaɗawa. Ta tsaya cak, don ta ji kaset ɗin waƙar Amurkan nan ya fi sau dubu.

"Ya Abu Husaini, wallahi shi ne! Halas, shi ke nan, ka samu!"

Suka kunna kaset, ya kaɗa, suka sake kunnawa. Babu bambanci ko kaɗan. Nomau ya jingine jitar a bango.

"Wannan na Ba'amurken ne," ya ce. "Na Yaya ba haka yake ba."

"To yaya yake?"

Ya buɗe baki zai faɗa mata. Ya daɗe a haka, yana lalube a cikin kansa, hawaye na bin gemunsa. Ya manta.