Ɓawon Gyaɗar Inna

Shekara uku na yi ina ƙona ɓawon gyaɗa da sunan karatu. Ina koyarwa a Kaura, ina kuma zuwa jami'a neman digiri na biyu. Aikin da na ɗauko shi ne a ƙona ɓawo, a tace, a fitar da wasu 'yan ƙwayoyi da ido ba ya gani. In aka sa su cikin ƙwayar halitta mai rai suka haɗu da kalsiyam, sinadarin nan mai ƙarfafa ƙashi da motsa tsoka, sai su yi haske kore a ƙarƙashin wata fitila ta musamman. Yawan hasken ke nuna yawan sinadarin.

Ɓawon da na fara da shi daga gonar Inna mahaifiyata ya fito, a garinmu Dauran. Saura wata biyu in miƙa aiki sai ɓawon ya ƙare. Na gwada na kasuwa, haske ya ƙi yin daidai da na baya. Malamina ya ce ko in samo irin na farko, ko in koma daga tushe. Na buga wa Inna waya na ce ta aiko mini da ɓawo buhu guda. Sau uku na maimaita mata.

Bayan kwana huɗu direba ya sauke mini buhu. Na kwance na ga gyaɗa jajir, an ɓare an sheƙe tas, ko ɓawo ɗaya babu na rantsuwa. Ni kuwa Allah ya yi ni da saurin hawa. Na kira ta ina faɗa kamar da sa'ata nake magana.

"Ke ɗiyar ga," ta ce, "ina kinka taɓa ganin an aika ma mutum da ɓawo? In ba direba shara shi kai miki, mutane su ce mi? Ni cewa na yi kunya ta hana ki roƙon gujjiya." Haka ake kiran gyaɗa a garinmu.

"To ina ɓawon?"

"Na raba ma maƙwabta su hura wuta."

Na kashe waya ba sallama. Har yau in na tuna sai kunya ta kama ni.

A lokacin hanyar Zurmi, wadda ake bi daga Dauran, ba ta biyuwa sai da addu'a, washegari ma direbobi suka ɗauke ƙafa. Bayan kwana biyu da la'asar babur ya tsaya a ƙofar gidana. Inna ce a baya, ta rungumo buhu, ƙafafunta sun kumbura. Ta dire shi gabana ta ce, "Ga sharar taki."

Da shi na gama aikin. Ranar da ƙwayoyin suka haska, na zauna a ƙasan ɗakin gwaji ina ta hamdala. Da na nuna mata hoton a waya, ta nisanta shi da ido, ta ce, "Wanga ɗan kore-koren ne duka?" Ta koma kan tuwonta.

Sai bayan shekara, wajen wani suna a Dauran, wata maƙwabciyarta ta ba ni sauran labarin. A garinmu gara ka yi roƙo da ka karɓe kyautar da ka yi, Inna kuwa ko gishiri ba ta taɓa aro ba. Amma gida-gida ta bi tana cewa a maido mata ɓawonta. Inda aka riga aka zuba gindin murhu, ta tsuguna tana tsincewa daga cikin toka. Na sha gode wa malamai a rubuce, wannan kuwa ban san inda zan fara ba.

Maƙwabciyar ta ce wata ta tsokane ta, wai ko boko ne ya sa ɗiyarta cin ɓawo. Inna ko ɗaga kai ba ta yi ba.

"Ban san mi taka yi da shi ba," ta ce. "Hwaɗa ta yi min, amma na ji kuka cikin muryatta."