Askar Kaka a Gefen Dama

Jiya jikata ta dawo daga makarantar allo hannunta duk tawada. Na kama hannun zan yi mata faɗa, sai warin ƙaro da gawayin nan ya bugi hancina. Faɗan da ban yi ba ke nan. Na zauna ina tuna zauren kakana a cikin birnin Zariya, ta wajen Ƙofar Gayan, tun Turawa ba su tafi ba.

Kakana mai zanen riga ne. Kafin a yi wa babbar riga aikin hannu, sai an kawo masa ya shimfiɗa ta a tabarma, ya ɗauki alƙalami da tawada ya zana inda zare zai bi. Babana da ƙaninsa su ne masu ɗinkin. Su biyun nan ga gemu ga 'ya'ya, amma a gabansa ko tari ba sa yi da ƙarfi. Ni kuwa ina shekara tara, kuma kun san jika da kaka: shi mijina ne, ni amaryarsa. Ina cire masa hula in gudu, ina ce masa tsoho mai ran ƙarfe, ba wanda zai ce mini kanzil.

Wata bazara fitsari ya tsaya masa, ga ciwon baya har ba ya iya ruku'u. Aka kai shi asibiti bayan gari. Ya yi kusan kwana arba'in, ya dawo da kwalbar wasu ƙananan farare ƙwayoyi. Ba a gaya wa yara komai, amma ni kunnena ba ya hutu. Ta bayan zana na ji Baba yana gaya wa Iya, wato kakata, cewa ciwon daji ne a wani ƙulli ƙarƙashin mafitsara, kuma ƙarfin namiji ciwon yake ci, shi ya sa ƙwayar take kwantar da ƙarfin. Iya ta ce, "To, ta kwantar. Wa ya tambaye shi?"

Ƙwaya ta yi aiki. Fitsari ya sake, baya ya lafa. Amma wallahi mutumin da aka dawo mana da shi sai da ya kusa haukata gidan.

Butar ƙasa uku ya fasa kafin damina ta tsaya. Yana riƙe da ita lafiya lau, sai kawai ka ji tas. Ƙofar ɗakin da ya shekara hamsin yana sunkuyawa ya shiga, yanzu kullum sai ta buge masa goshi. Ana ruwa kowa na rawar ɗari, shi zufa ce ke keto masa, yana kiran a kawo mafici. Zai aike ni, in tsaya, ya buɗe baki, sai ya tsaya yana kallona, abin ya gudu. In na gaji na juya, sai ya ce ban da kunya, ana magana ina tafiya. Wata rana gidan duka muka tashi neman tabaraunsa, har rumbu aka leƙa. Iya ta je zuba fura ta same shi a cikin ƙwarya.

"Malam, furar ce ba ta gani?"

"Ke kika ajiye shi."

"Ni? To, gobe zan sa rawaninka a tukunyar miya, mu cika."

Haka muke fama har aka kawo rigar wani alƙali, farin saƙi mai kyau, za a yi mata aska takwas da zaren tsamiya. Ga wanda bai sani ba, askar nan da aljihu a ƙirjin hagu suke zama, don mai riga ya sa hannun dama. Tun da aka fara riga haka take. Kaka ya shimfiɗa, ya zana askarsa tsaf, ko ɗaya ba ta karkace ba. Sai dai a gefen dama.

Nan ne abin haushin yake, kuma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Baba ya gani. Ƙaninsa ya gani. Suka dubi juna, suka sunkuyar da kai, suka zura zare a allura suka fara ɗinki! Ɗa ba ya ce wa ubansa ya yi kuskure a sana'ar da shi ya koya masa. Kowa na jiran tsohon ya gane da kansa. Kwana goma sha ɗaya ƙarti biyu suna ɗinka abin da suka san warware shi za a yi, shi kuma yana zaune kusa da su yana cewa su matse zare.

Iya ce ta gaji. Ta kira ni madafa ta ce, "Iyayenki sun zama gumaka. Ke kaɗai ce bakinki ba shi da laifi. Je ki gaya wa mijinki."

Na tafi da tsalle, don ni wasa na ɗauka. Na tsaya a kansa na riƙe ƙugu na ce, "Maigida, ashe alƙalin nan bahago ne?"

Ya dube ni, ya dubi rigar. Ya ɗaga ta ya kara a ƙirjinsa, ya kai hannun dama inda aljihu ya kamata, ya shafa wayam.  Ya juya wajen Baba ya ce, "Kwana nawa?"

"Sha ɗaya, Malam."

"Kuna gani?"

 Ya tashi ya shiga gida, ya miƙa wa Iya kwalbar ya ce ya gama da ita. Gara ya mutu da hankalinsa da ya zauna 'ya'yansa na lallaɓa shi kamar tulun da ya tsage.

Iya ta yi faɗa, ta yi roƙo, ta turo aminansa, ya ƙi. Kullum da hantsi zan kai masa ƙwaya a tafin hannu, ya rufe mini hannun ya ce amarya ta sha. Ni kuwa na daina cin abinci sosai, don na ɗauka bakina ne zai kashe shi. Abin takaici, hannun ma bai dawo da wuri ba, har ya fasa buta ta huɗu. Ciwon ne ya riga dawowa. Kafin a yanke dawa ya koma salla a zaune, in ya zaga bayan gida sai mu ji nishinsa daga tsakar gida.

Wata safiya na kai ƙwayar, na kasa yin wasan. Na fashe da kuka na ce ya yafe mini, rigar daidai take, ni ce ban iya gani ba. Ya daka mini tsawar da bai taɓa ba.

"Kar ki soma! Mutum ɗaya ya rage mini mai gaya mini gaskiya a gidan nan."

Ya karɓa ya haɗiye. Ranar ya kira Baba ya ba shi alƙalamin, ya ce daga yau Baba zai zana, shi kuma zai zauna ya duba, kuma duk wanda ya ga kuskure ya yi shiru, ko na wane ne, ya bar masa zaure. Ya ƙara shekara huɗu yana fasa mana kaya.

Yanzu ƙanena ke da irin ciwon. Shi allura ake yi masa, kuma likita ya gaya musu tun farko cewa zai riƙa mantuwa da sakin abu. Amma shayi kaɗan ya zuba, sai 'ya'yansa su taso, Baba ka kula mana, Baba sau nawa za a gaya maka. Mu a da kunya ta hana mu faɗin abin da ya kamata, su kuma ba abin da ba sa faɗa, har wanda ya riga ya sani. Na gaya musu, in ya ɗauki hanyar da ba ita ba, ku faɗa masa nan take. In kofi ne ya faɗi, ku ɗauko tsintsiya ku rufe mini baki.