Mai Shayar da Duwatsu

Kawuna Shambe shekara talatin ya yi yana jigilar kifi daga garin Pasni zuwa Karachi, tun kafin a shimfiɗa kwalta a bakin teku. Da ya tsufa ma bai saki sitiyari ba, shi ke kwasarmu duk shekara zuwa gidan 'yarsa, teku a dama, hamada a hagu.

Gaba da garin Ormara akwai tulin duwatsu, irin wanda ake tarawa inda matafiyi ya mutu. Kawu bai taɓa wuce wurin ba. Sai ya tsaya ya ɗora dutse ɗaya, ya tsiyaye jarkar ruwa a kan yashi.

Bara matarsa Durnaz ta gaji. Ta ce, "Haba tsoho! Jikokinka na kukan ƙishirwa, kai kana shayar da duwatsu. Ubanka ne kwance a nan?"

Ya ce, "Ko sunansa ban sani ba."

Ranar ya ba mu labarin. Wata rana da azahar ya ga mutum tsaye a nan, ya ɗaga salkarsa a kife, alamar ruwansa ya ƙare. Ko ɗan yaye a ƙasarmu ya san ba a wuce mai wannan alama. Amma ƙanƙarar da ke kan kifin ta fara narkewa, sai ya ba mota wuta. Bayan kwana huɗu ya dawo, duwatsu ya tarar.

Muka hau hanya, idon Kawu na kan madubi yana duban baya. Can ya ce, "Kifin dai lafiya lau ya isa."